Ido Ba Mudu Ba Ne, a Kan Talabijin Ma Bai San Kima Ba

Maudu'inmu na wannan mako zai sosa ran wasu, musamman masu rubuta sharhin fina-finai, amma sai mun faɗa.

Kullum muna cin karo da sharhi ana cewa fim kaza kalarsa ta mutu, fim kaza kuma kalarsa ta fito raɗau. Tambayarmu ita ce: a wace talabijin aka kalla, kuma wa ya auna ta? Wanda ya yanke wa darakta hukunci da allon da ba a daidaita ba, daidai yake da mai awon hatsi da mudun da aka buge wa gindi.

Za a ce mana ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi mun yarda, a kan launi kuwa ido saurin ruɗuwa gare shi. Farar takarda a gaban fitilar ƙwai ja-ja take yi, a inuwa kuma ta yi shuɗi-shuɗi, amma ƙwaƙwalwa sai ta ce duk fari ne. Abin da ke sabawa da kowane haske ba zai zama alƙali ba.

Shi ya sa masana suka kafa wa launi mudu. Tun 1931 hukumar haske ta duniya, CIE, ta tsara yadda za a bayyana kowane launi da lambobi. A 1990 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar Rec. 709, wadda ta ƙayyade ainihin ja da kore da shuɗin da talabijin mai tsabtar hoto za ta nuna. Ta kuma ƙayyade farin da za a bi, wato D65, wajen 6,500 a ma'aunin Kelvin, mai kama da hasken tsakar rana.

Awon kansa ba tsafi ba ne. Ana rage hasken ɗaki, a aza na'urar auna launi a jikin allo, a riƙa tura masa launuka ɗaya bayan ɗaya: matakan ruwan toka daga baƙi zuwa fari, sai ja, kore, shuɗi, ɗorawa, sai launukan fatar mutum. Na'urar ta karanta abin da allon ya fitar, manhaja ta gwada shi da abin da ya kamata ya fitar. Tazarar da ke tsakaninsu ita ake kira Delta E. In ta gaza 1 ido ba ya gani, in ta gaza 3 masu wannan aiki kan ce allon ya yi.

To me ke faruwa a shago? Ana kunna talabijin a tsarin Vivid ko Dynamic, a cika launi, a karkatar da fari zuwa shuɗi, don fari mai shuɗi ya fi ɗaukar ido cikin fitilun shago. Wannan talla ce, ba daidaito ba. Sakamakon shi ne farar shadda ta koma kamar an tsoma ta a bula, mai wankan tarwaɗa ta yi jajir kamar mai zazzaɓi, ciyawar damina ta zama kamar fenti. Daga nan sai a ɗauki alƙalami a zargi mai kyamara.

Wani zai ce talabijin tasa ce, abin da ya yi masa daɗi shi zai kalla. Babu musu. Amma mu marubuta ne. Yaya za mu ji in mai ɗab'i ya canza mana kalmomi don sun fi masa daɗi, sannan mai sharhi ya kama sunanmu da laifin? Haka mai fim yake ji.

Ba kowa ke da kuɗin na'ura ba, amma kowa na da rimot. A nemi Filmmaker Mode, wanda ƙungiyar UHD Alliance ta sanar a 2019, in babu a zaɓi Movie ko Cinema. Da farko hoton zai yi kamar ya yi ɗorawa. A ba ido 'yan kwanaki ya warware daga shuɗin da ya saba.

Duk wanda zai yi wa fim hukunci a kan launi, ya fara gaya mana a kan me ya kalla. In ba haka ba, talabijin ɗinsa ya yi wa sharhi, ba fim ba.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu adalci.