Tushen Labari Ba Gyaran Ciniki Ba Ne

Duk gidan da ke da yara a cikinmu, da wuya a ce ba a san motar nan mai ruwan ɗorawa ba, wadda takan miƙe tsaye ta rikiɗe ta zama mutum-mutumin ƙarfe. Sunansa Bumblebee, kuma yana cikin taurarin fim ɗin Transformers wanda Michael Bay ya ba da umarni, aka fara nuna shi a gidajen sinima a shekarar 2007. Wanda ya zauna da yara suna kallon fim ɗin, ya san tambayar da ba ta wuce su: me ya sa shi kaɗai ba ya magana kamar 'yan uwansa, sai dai ya riƙa tsinto muryoyi daga rediyo yana harhaɗawa? Amsar da fim ɗin ya bayar jimla guda ce, cewa maƙogwaronsa ya lalace a wurin yaƙi. Wane yaƙi, wa ya yi masa, a kan me? A nan aka ja bakin jaka aka ɗaure.

Cikakkiyar amsar tana nan, an zana ta, an sa mata muryoyi, an buga ta a faifai. Sai dai a lokacin da fim ɗin ya fito a faifan DVD a Amurka, ranar 16 ga Oktoban 2007, kanti ɗaya tak aka ba izinin sayar da ita. Wanda ya sayi nasa a Walmart, shi ne ya samu wani gajeren zane mai motsi da aka sa wa suna Transformers: Beginnings, wato mafarin labarin. Wanda ya saya a wani kantin daban, kuɗinsa sun fita, amma mafarin bai biyo shi gida ba. A kan wannan ɗabi'a muke son mu yi magana, domin a ganinmu ba ƙaramin abu ba ce, ko da yake a kan fim ɗin yara ta faru.

Bari mu fara da abin da ke cikin faifan. An ciro shi ne daga wani littafin labari cikin zane mai kashi huɗu, wanda kamfanin IDW ya wallafa a farkon 2007, Chris Ryall da Simon Furman suka rubuta, Don Figueroa ya zana. Labarin ya koma duniyar mutum-mutuman, Cybertron, inda yaƙi ya raba su gida biyu, jama'ar Optimus Prime da jama'ar Megatron, a kan wani akwati mai ba ƙarfe rai da ake kira AllSpark. Da aka ga akwatin zai faɗa hannun Megatron, sai aka harba shi sararin samaniya. Bumblebee ne ya tsaya ya ɗauke wa Megatron hankali har aka gama aikin, shi kuwa ya huce haushinsa a kansa, ya murƙushe masa maƙogwaro. Daga nan Megatron ya bi sawun akwatin har duniyarmu, ya faɗa cikin ƙanƙarar ƙuryar arewa ya daskare, har wani matuƙin jirgin ruwa, kakan-kakan yaron da fim ɗin ke bi, ya yi kiciɓis da shi a 1897. Ke nan rashin muryar Bumblebee tabon sadaukarwa ne. Wanda ya san haka, da wani ido zai kalli fim ɗin. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a cikin wannan faifan, Bumblebee ne da kansa ke ba da labarin, da muryar Mark Ryan. Wanda aka raba da muryarsa ya samu ya yi magana, amma sai abokan cinikin kanti ɗaya ne aka yarda su ji shi.

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarun nan, sayar da faifai babbar hanyar samun kuɗi ce ga kamfanonin fim na Amurka, wani lokaci ma ta fi gidajen sinima kawo riba. Transformers ya tara fiye da dala miliyan 700 a sinimomin duniya, sa'an nan faifansa ya sayu fiye da miliyan 8 a makon farko. Manyan kantuna kuwa sukan karya farashin sabon fim har ribarsu a kansa ta kusa ɓacewa, don dai mutum ya shigo, tunda wanda ya zo sayen faifai ba zai fita ba sai ya haɗa da sabulu, madara da takalmin yara. Da karya farashi ya kai maƙura, sai aka nemi wata dabara: kowane kanti a ba shi abin da babu a wurin maƙwabcinsa. Walmart, wanda a lokacin ya fi kowa sayar da faifai a ƙasar, aka ba shi mafarin labari. Kantin Target aka ba shi gidan faifai mai rikiɗewa ya zama Optimus Prime, tare da wani ɗan littafin zane. Wanda yake son ya haɗa duka, sai ya sayi fim ɗaya sau biyu ko fiye.

Mun san abin da mai kare wannan tsari zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce ai wannan gyara ce. Mu ma a kasuwanninmu, mai tumatir takan ƙara wa mai saye ɗaya ko biyu bayan ciniki ya faɗa, ba kuwa wanda ya taɓa kai ƙararta don ba ta ƙara wa wanda ya saya a rumfar gaba ba. Zai ce fim ɗin cikakke ne ko babu wannan faifan, littafin da aka ciro shi ma yana kasuwa tun watanni kafin nan, kowa na iya saye. Zai ƙara da cewa da ba don kuɗin irin wannan yarjejeniya ba, da wataƙila ba wanda zai ɗauki nauyin motsa zanen, ya kira masu murya irin su Peter Cullen da Frank Welker, waɗanda tun 1984 suka fara yi wa Optimus Prime da Megatron magana. Duk wannan mun ji, kuma ba ma cewa ɗan kasuwa ya bar neman riba.

Inda muka rabu da shi shi ne a kan ma'anar gyara. Gyara ƙari ce a kan mudun da ya riga ya cika. Gidan faifai mai rikiɗewa gyara ce. Wanda bai samu ba bai rasa kome daga labarin ba. Hoton bango, ɗan abin wasa, hula mai tambari, duk gyara ce, kowane kanti ya ba da irin tasa, ba mai cewa uffan. Amma dalilin da ya sa jarumi ya zama bebe, da dalilin da ya kawo yaƙin wata duniya cikin tamu, waɗannan daga cikin mudun aka ɗebe su. A bar giɓi a cikin labari yadda mai kallo zai ji ƙishirwa, sa'an nan a kai ruwan rumfa ɗaya a ajiye, wannan ya fi kama da tauye awo a kira shi kyauta. Maganar cewa littafin yana kasuwa kuwa ba ta warware matsalar ba. Masu bin littattafan zane jama'a ce ƙarama in aka gwada da miliyoyin da suka kalli fim ɗin, kuma mafi yawan yara ta ido da kunne suke karɓar labari.

Akwai kuma waɗanda aka rufe wa ƙofa tun kafin su taso daga gida. A 2007 Walmart ba shi da kanti ko ɗaya a nahiyar Afirka. Sai a 2011 ya shigo ta hanyar sayen kaso mafi rinjaye na kamfanin Massmart na Afirka ta Kudu. Bayan haka, faifan DVD na asali yana da kullen yanki. Amurka da Kanada yanki na 1 ne, yawancin ƙasashen Afirka yanki na 5, ta yadda faifan can ba lalle ne ya yi a na'urar nan ba. Fim ɗin kuwa duniya duka aka yi wa tallarsa, aka karɓi kuɗin kowa. Yaron Kumasi da na Yawunde da na Kano sun san Bumblebee kamar yadda yaron Amurka ya san shi, amma wajen rabon tushen labari an nuna musu cewa su 'yan kallo ne daga bayan danga. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan ɗabi'ar keɓewa ba ta tsaya ga mu na nesa ba, har waɗanda ke kusa ta cutar. A watan Agustan 2007, kamfanin Paramount ya yanke shawarar cewa finafinansa masu tsabtar hoto a faifan HD DVD kaɗai za su fito, ban da Blu-ray, abin da shi kansa Michael Bay ya fito fili ya nuna rashin jin daɗinsa a kai. Mutane suka sayi na'urar HD DVD don su kalli Transformers. Ba a yi wata shida da fitowar faifan ba, a watan Fabrairun 2008, Walmart ɗin nan ya sanar cewa zai daina sayar da irin wannan faifai, kamfanin Toshiba mai na'urar ma ya janye gaba ɗaya. Manya suka sasanta lissafinsu, mai saye ya zauna da na'urar da ba za a ƙara yi mata sabon fim ba. Duk inda aka gina ciniki a kan “sai a wurina”, mai saye ne ke biyan kuɗin wasan.

Abin da ya fi damunmu, duk da haka, shi ne makomar labarin kansa. Tushen da mutane kaɗan suka sani ba ya da masu tsaronsa. A 2018 aka fitar da fim mai suna Bumblebee, a cikinsa kuwa aka ba da wani dalili daban: a duniyarmu ya rasa muryarsa, a shekarar 1987, kuma wani mutum-mutumi mai suna Blitzwing ne ya fizge ta, ba Megatron ba. Mafi yawan masu kallo ba su ma san an sauya kome ba, domin ba su taɓa jin na farkon ba. Masu labari suna da ikon sake saƙa labarinsu, amma sauƙin da suka samu wajen share wancan ya nuna matsayin da aka ba shi tun farko. An ɗauke shi tallar mako guda, da makon ya wuce aka manta. Yanzu ma kasuwar faifan tana ta janyewa. Netflix ya daina aika faifai ta gidan waya a watan Satumban 2023, kantin Best Buy ya daina sayar da su a farkon 2024. Abin da aka buga wa kanti ɗaya a kaka ɗaya, shi ne farkon ɓacewa idan aka kwashe rumfa.

Wani zai ce mun ɗauki abin wasa da zafi, tunda Transformers tun asali talla ce. Gaskiya ne. Kamfanin Hasbro na Amurka ne ya samo kayan wasan daga kamfanin Takara na Japan, ya sa musu sababbin sunaye, aka yi musu zane mai motsi a talabijin a 1984 don yara su matsa wa iyaye su saya. Amma tarihin nan kansa yana da darasi. A fim ɗin zane na 1986 an kashe Optimus Prime don a buɗe wa sababbin kayan wasa hanya. Yara suka fita sinima suna kuka, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, har ya zama dole a dawo da shi a 1987. Kamfani yana ganin haja, yara suna ganin uba. Daga ranar da labari ya shiga zuciyar mai saurare, ya tashi daga zama kayan mai shi kaɗai, ya zama amana tsakanin mai faɗa da mai ji. Wanda ya ci ribar wannan shaƙuwa, bai kamata ya yayyanka ta ya rarraba wa kantuna ba.

Ba kuwa don babu wata hanya ba ne. A 2024 an fitar da Transformers One, shi ma zane mai motsi, shi ma mafarin labari, na yadda Optimus da Megatron suka fara da abota kafin gaba ta shiga tsakaninsu. Wannan a gidajen sinima aka nuna shi, duk mai kuɗin tikiti ya shiga. Haka ya dace a yi wa tushe. In ma dole sai an faranta wa wani kanti, a ba shi fifikon wata ɗaya ko biyu, bayan nan a saki abin ga kowa, a haɗa shi da fim ɗin a duk inda ake sayar da shi.

Faifai yana wucewa, amma dabarar ba ta wuce ba, riga kawai ta sauya. Yau manhajojin kallo ne a wayoyinmu, kowace da abin da ba a samu sai a wurinta, kashi na farko a nan, na biyu a can, kowace kuma da kuɗinta na wata. Shawararmu ga iyaye ita ce, idan aka ce da ku “sai a wurinmu kaɗai”, ku tsaya ku duba ko ƙari ne ake ba ku, ko kuwa abin da aka ɗebe daga naku ne ake sake sayar muku. Idan yaro ya sake tambayar dalilin shirun Bumblebee, ga amsar nan mun kawo muku ita: ya tsaya ne a gaban wanda ya fi shi ƙarfi don 'yan uwansa su tsira, muryarsa ce ya biya da ita. Ku gaya masa kyauta. Allah ya sa mu dace.