Kowa da Shatan zamaninsa

A hutun da ya wuce, gardama ta kaure tsakaninmu da wani dattijo a motar haya daga Zariya zuwa Makarfi. Direba ya sa waƙar Hamisu Breaker, mu 'yan kujerar baya muna ta gyaɗa kai. Sai Baba ya juyo ya ce, "Yaran nan, wannan ai inji ne ke kuka. Waƙa ta ƙare tun ranar da aka binne Shata a Daura."

Muka yi dariya, amma maganar ta bi mu har gida. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kafin a haifi yawancinmu. Musa Ɗanƙwairo ya riga shi, a 1991. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos mai kuntigi kuma a 2015, muna firamare. Mu a wurinmu sunaye ne kawai. Ga kakanninmu na Ikara da Kudan kuwa, muryoyin nan su ne abokan hira a Rediyon Kaduna, lokacin da suke samari suna saran rake da dafa mazarƙwaila.

Abin dariyar shi ne, iyayenmu mata ma ba su tsira ba. Su da aka yi wa faɗa a kan kaset ɗin waƙoƙin fim irin na Sangaya, yau su ne ke ce mana waƙoƙin Umar M. Shareef ba su kai na da ba. Mu ma fa? Ƙannenmu na bin sababbin mawaƙan TikTok, har mun fara taɓe baki muna cewa ba za su kamo "Jaruma" ta 2020 ba. Ko shekara ashirin da biyar ba mu cika ba, mun fara tsufa!

Ashe ba kalangu kaɗai Baba yake kewa ba. Yana kewar ƙarfinsa, da abokansa da suka riga mu gidan gaskiya, da dandalin da babu shi yanzu. Duk wanda ya raina waƙarsa, ƙuruciyarsa ya raina.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kaset-kaset ɗin nan suna ruɓewa a cikin akwatuna. Manyan mawaƙa dai ana samunsu a YouTube. To, makaɗan noma da na biki na ƙauyukanmu fa, waɗanda babu inda muryarsu ta rage sai a kaset ɗaya ko a bakin wata tsohuwa?

Saboda haka ga aikin gida na wannan mako. Mu zauna da Kaka ko Baba, mu tambaye su waƙar da suka fi so da dalili, mu ɗauki amsar a waya. In akwai tsohon kaset, mu kai a juye shi. Wata rana mu ne za mu zauna a kujerar gaba, yara na yi mana dariya daga baya.