Karce a jikin gidan reza: a goge, amma a san inda za a tsaya

Shekara shida ke nan ina aski da gidan reza guda ɗaya, irin wanda ake kwancewa gida uku, mariƙi da faranti da murfi, a sa reza mai baki biyu a ɗaure. Yayana ne ya kawo mini tsaraba. Na ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, an goge shi har mutum yana ganin fuskarsa a murfin. A hunturun bara na ɗauko shi daga kan taga, ƙura ta lulluɓe shi, na share da gefen busasshen tawul. Da na kai shi hasken rana sai ga zane-zane sirara sun cika murfin kamar saƙar gizo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ƙurar ce ta yi ɓarnar. Iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, da yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma cike take da ɓarɓashin yashi. Yashi ya fi wannan ƙarfe tauri. Duk wanda ya share ƙura a bushe, da samfefa ya goge kayansa bai sani ba.

Shawarwari sun zo mini iri-iri. Wani ya ce toka, wani ya ce soson ƙarfe, wani abokina ma cewa ya yi in kai wa masu walda su sa masa inji. Ban ɗauki ko ɗaya ba, kuma ga hujjata. Karce rami ne, komai ƙanƙantarsa. Ba a cike shi. Abin da gogewa ke yi shi ne ta cinye ƙarfen da ke kewaye da ramin har ya sauko daidai da ƙasansa. Wanzaman garinmu sun san wannan tun da daɗewa. Wanda yake yi mana aski muna yara yakan zaro aska daga zabira, ya ɗan wasa ta a dutse, ya bi da ita kan fata, ya tsaya. Wata askar tasa ta sirance saboda shekaru, shi ya sa ba ya wasa ta fiye da buƙata.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da irin ƙarfen. Yawancin masu ƙyalli da ke kasuwa, har da sanannen Merkur 34C na Jamus, gamin tutiya ne aka lulluɓe da siririn rufin kuromiyam. Idan aka dage da goge irin wannan, rufin zai tafi, kuma ba ya dawowa. Irin su Rockwell 6S kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa ne ciki da waje. Wannan ƙarfe, wanda Harry Brearley ya haɗa a birnin Sheffield na Ingila a 1913, yana ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani, ita ce ke hana tsatsa, kuma idan aka goge ta sai ta sake fitowa da kanta. Saboda haka gogewa a hankali ba ta cutar da shi. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa, ban da sabon karce, yana barin ɓurɓushin baƙin ƙarfe da zai yi tsatsa a jikinsa. Bilic ma yana yi masa ƙananan huda.

Ga yadda na yi. Na cire rezar, na kwance shi, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon burushin goge baki, don kada ƙwayar yashi ko ɗaya ta rage. Na bi da farcena a kan zane-zanen. Inda farce ya wuce bai sarƙe ba, man goge ƙarfe ya isa. Na matso man Autosol kamar ƙwayar wake a kan tsohuwar singileti mai laushi, na riƙa gogawa ba tare da dannawa ba. Cikin minti biyu tsumman ya yi baƙi ƙirin. Baƙin nan ƙarfen ne yake fita, kuma ganinsa ya sa na rage hannu. Na wanke, na fita tsakar gida na duba a rana, na sake yi sau biyu. Murfin ya dawo yana ɗaukar ido.

Inda farce ya sarƙe, sai an fara da samfefa ta ruwa mai lamba 2000, a bi da 3000, irin wadda masu fentin mota ke saye, a jiƙe, ana ja ta fuska ɗaya, sannan a koma kan man. Akwai irin wannan karce guda a mariƙin nawa. Na bar shi. Ƙarfen da zan cinye kafin ya ɓace ya fi ƙarfin abin da zan samu.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wuraren da ba a taɓawa: ƙarƙashin murfi inda reza ke kwanciya, gefen murfin da ke danne bakinta, sandar farantin da ke tare fata, da zaren da ake murɗawa. Tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar nan ba ta cika kai milimita ɗaya ba, kuma ita ce ke sa aski ya yi laushi ko ya yanki mutum. Inji yana cinye waɗannan gefuna cikin ƙiftawar ido. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ni da salatif na rufe su kafin na fara, har da wurin da aka zana sunan kamfani.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan abin aski, alhali ga na roba a kowane shago. Tun da kamfanin Bic ya fito da na yarwa a 1975 muke saye muna jefarwa, kuma kowa yana ganin inda robobi ke ƙarewa a kwatocinmu. Tsarin da King Camp Gillette ya samu rajistarsa a 1904 kuwa reza kaɗai ake canja masa. Nawa zai iya kaiwa hannun ɗana idan Allah ya ba mu rai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Hunturu na tafe. Wanda yake da irin wannan gidan reza ya samo masa gwangwani mai murfi, kuma ya ɗauraye shi da ruwa kafin tawul ya taɓa shi.