Zuwa Ga Masu Girkin Zango: A Gama Da Wuta Tun Daga Gida

Ya ku masu ciyar da 'yan sikawut da masu yawon buɗe ido a daji.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya ƙeƙasar da ciyawa iska kuma tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya tayar da gobarar daji. Don haka iya ciyar da jama'a ba tare da hura wuta ba ya zama dole. Sai dai wasunku na ganin ai zuba ruwa ne kawai a kan ko mene ne a jira ya yi laushi, kuma ta nan ciwon ciki ke shigowa zango. Kada ku jiƙa abin da bai riga ya sha wuta ba. Garin kwaki yana shiga da ruwan sanyi ne saboda an bar rogon ya yi tsami, an matse, an toya, gubarsa ta fita. Kuskus turararre ne tun daga kamfani, ƙuli-ƙuli soyayye, kilishi gasasshe. Wake kuwa, ko ya kwana a ruwa ya kumbura har yana murjewa tsakanin yatsu, ɗanye ne. Jan wake ma yana da gubar da ba ta mutuwa sai ya yi aƙalla minti 10 yana tafasa. Ba banza ba guzurin fatake ya kasance dakuwa da dambun nama.

Za ku ce daren hunturu ba ya son abinci mai sanyi, kuma gaskiyarku. To a tafasa tun daga gida, a zuba a kula ko a naɗe tukunyar da bargo, a kuma cinye kafin ta huce, domin shinkafar da zafinta ya sauka ƙasa da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa a cikinta. Akwai kuma jakar ɗumama abinci irin ta sojojin Amurka, mai garin magnesiyam da ƙarfe da gishiri: a zuba ruwa kaɗan sai ta ɗauki zafi. Ita ma dafaffe take ɗumamawa, kuma tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, saboda haka a wajen tanti ake buɗe ta. Murhun hasken rana ne kaɗai ke dafa ɗanye da gaske. Matan Darfur a sansanin Iridimi na ƙasar Chadi sun yi girki da na kwali da takardar alminiyo. Amma yana cin sa'o'i, hazo kuma yana rage masa ƙarfi, ga shi lokacin hazon ne aka fi bukatarsa.

Saura ruwa. Tunda ba tafasawa, ruwan da za a jiƙa gari da shi sai an tace an sa ƙwayar kulorin, an jira minti 30. Don Allah ku sa wannan ƙwaya a sahun farko na kayan tafiya.