Makaranta Ba Filin Wasa, Gidan Haya Ce



Mahaifina ɗan kasuwa ne, daga Kano ya zo ya kafa rumfa a Kasuwar IBB. Da guminsa ya biya mini kuɗin wata sakandare mai zaman kanta. Shekara shida na yi a can, ban taɓa buga ƙwallo a harabarta ba, don babu fili. Gidan haya ne aka yanka ɗaki-ɗaki. Amma duk shekara sai an karɓi kuɗin wasanni, a ari filin makarantar gwamnati na yini ɗaya, a yi hotuna, shi ke nan.

Mun iya zagin makarantun mishan, to mu dubi tarihi. St. John's ta Kaduna, wadda gwamnati ta karɓa a 1972 ta koma Kwalejin Rimi, da filinta aka gina ta. Haka Fatima ta Minna, inda Fada O'Connell, ɗan ƙasar Ireland, ya yi shugabanci daga 1967 zuwa 2017, 'ya'yan Musulmi da yawa suka bi ta hannunsa. Mutanen nan sun gane yaro ba buhun hatsi ba ne da za a jibge a ɗaki.

Mu fa? Alhazanmu na da kuɗin gina shaguna hawa-hawa, amma fili ɗaya ya gagara. Sai yaro ya faɗa shaye-shaye mu ce zamani ne.

Iyaye, kafin ku biya kuɗin zangon nan, ku ce a nuna muku filin wasa. In babu, ku juya da ɗanku.

Allah Ya ganar da mu, amin.