Filasko Magani Ne, Amma Da Awo

Jama'a, a wannan mako zancenmu na kan filasko ne. Duk manomin da ke tsakanin Gagarawa Tasha da Sule Tankarkar ya san shi. Ɗan tsiro ne gajere mai son jigawa, furensa rawaya, 'ya'yansa a kwanso mai faɗi a lanƙwashe. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari ma ba a rasa busasshensa wurin masu magani.

Ba yau aka fara shansa ba. Tun ƙarni na 9 likitocin Larabawa ke rubuta amfanin danginsa, watau sanamaki, daga wurinsu kuwa Turawa suka koya. A 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya sa filasko cikin littafinsa na sunayen tsirran ƙasar Hausa. Har yanzu ana yin ƙwayar sakin ciki da sanamaki, ta na kuwa cikin jerin magunguna masu muhimmanci na Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, ga yadda ya ke aiki. Akwai wani sinadari cikin ganyen wanda ke motsa babban hanji, ya hana shi tsotse ruwa. Bayan awa 6 zuwa 12 sai ciki ya saki. Ke nan maganin taurin ciki ne, iyakarsa ke nan.

Abin da ya dame mu shi ne yadda a ke sha ba awo. Mutum ya dami ganye cike da hannu, ya tafasa, ya shanye ƙwarya guda wai wankin ciki, sa'an nan ya ɗauki fartanya ya shiga rana. Zawo na kwashe ruwan jiki da gishirinsa, har da wanda zuciya ke bukata. In damina ce, ya kwanta kwana uku, ciyawa ta cinye gero. Ina ribar?

Don haka a kiyaye waɗannan. Kada a ba yaro ƙasa da shekara 12 sai da izinin likita, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mai juna biyu kada ta sha. Mai zawo, da mai matsanancin ciwon ciki wanda ba a san dalilinsa ba, asibitin Gumel za a kai su, gama filasko na iya ƙara musu ciwo. Mai shan maganin zuciya ko na hawan jini ya tambayi likita tukuna. Kowa kuwa kada ya wuce mako guda ya na sha, don hanji kan saba, ya ƙi aiki sai da shi.

Ku masu sayarwa, lalle ku riƙa tambayar wa za a ba, ku faɗi awo. Manomi kuma ya bar 'yan tushe a gefen gona, ya shanya ganyen a inuwa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.