Ana Ƙona Alƙur'ani A Turai, Mene Ne Laifin Shagon Maƙwabci?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan abin da ke tsakaninmu Musulmi da Turawan Yamma, musamman wannan ɗabi'a ta ƙona Alƙur'ani mai girma da ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a ƙasashensu. Ni manomi ne, da rani kuma ina taɓa 'yar tireda, amma rediyona kullum tana rataye a kafaɗa.

Abin da yawancin Turawa ba su gane ba shi ne, mu ba mu da damar ramawa. Imanin Musulmi ba ya cika sai ya yarda da Annabi Musa da Annabi Isa, da Attaura da Linjila. Nana Maryamu sura guda gare ta a cikin Alƙur'ani. Saboda haka in an zagi namu, ba mu da wanda za mu zaga, duk namu ne. Shi ya sa abin yake mana ciwo biyu. Kuma ai lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa sahabbai a Makka, wajen Najjashi sarkin Habasha aka tura su, shi kuwa a lokacin Kirista ne, ya karɓe su hannu biyu. An yi yaƙi tsakaninmu da Turai, ba a musu: sun ƙwace Ƙudus a 1099, Salahuddini ya karɓo ta a 1187. An kuma yi ciniki da karatu, don Musulmi sun yi kusan shekara 800 da mulki a Andalus kafin 1492.

Su kuma Turawa sai su ce 'yancin faɗin albarkacin baki ne. To amma a Jamus da Faransa in ka musanta kisan da Hitila ya yi wa Yahudawa, kotu ce za ta raba ku. Ashe dai bakin yana da linzami in sun so.

Sai dai, Malam Edita, abin da ya sa na ɗauki biro namu ne na gida. A watan Satumba na 2005 wata jarida a ƙasar Denmak ta buga zane 12 na ɓatanci ga Manzon Allah. Ranar Asabar 18 ga Fabrairu 2006 aka yi taron nuna ɓacin rai a Maiduguri, taro ya rikiɗe, aka ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe aƙalla mutum 15. Ba a yi mako ba aka ɗauki fansa a Anaca, aka bi 'yan'uwanmu 'yan Arewa ana kashewa, aka ƙona masallatai. Jama'a, su wa suka mutu a Anaca? Mai shayi, mai goro, mai yankan farce, ɗan dako, irina irinka, waɗanda suka je cin rani don su samo kuɗin taki. Wallahi da yawansu ko sunan Denmak ba su taɓa ji ba. Shi kuwa mai zanen yana can ƙasarsu, ko gezau. Shi Inyamurin da aka ƙona wa shago a Maiduguri, shi ya yi zanen?

A wannan shekarar dai Larabawa suka bi wata hanyar. Suka daina sayen madara da man shanu na kamfanin Arla na Denmak, kaya suka yi kwantai, har kamfanin ya riƙa buga talla a jaridun Larabawa yana nesanta kansa da zanen. Duk ɗan kasuwa ya san wannan karatun: ranar da mai saye ya juya maka baya, ranar za ka san kana da kunne.

A 2023 aka sake. A watan Janairu wani ɗan siyasa, Rasmus Paludan, ya ƙona Alƙur'ani a gaban ofishin jakadancin Turkiyya a Sitokhom, babban birnin Suwidin. Ranar 28 ga Yuni, ranar Babbar Salla, wani Salwan Momika ya yi haka a ƙofar masallaci. Shi wannan ma ba Bature ba ne, ɗan gudun hijira ne daga Iraƙi. Turkiyya ta ja wa Suwidin rai wajen shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, sai a Maris 2024 ta samu shiga. Iraƙi ta kori jakadarsu. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, wadda Nijeriya ke cikinta tun 1986, ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi ƙuri'a, ƙasashe 28 suka goyi baya, 12 suka ƙi, cikinsu har da Amurka da Ingila. Marigayi Fafaroma Faransis kansa ya fito ya ce abin ya ɓata masa rai. To a watan Disamba na 2023 majalisar Denmak, ƙasar nan dai ta masu zane, ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, mai laifi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. A Suwidin kuma, an harbe Momika a Janairu 2025 ana gab da yanke masa hukunci, kwanaki kaɗan bayan nan kotu ta sami abokin ƙonawarsa da laifin tunzura ƙiyayya ga Musulmi. Ni a ganina da an bar shi ya tsaya gaban alƙali ya ji nasa hukuncin da kunnensa, da ya fi mana amfani.

Don haka ina kira ga malamanmu masu hawa mumbari, in irin wannan ta sake faruwa, kuma alamu sun nuna za ta sake, su faɗa wa matasa sunan ƙasar da abin da take sayar mana, su kuma faɗa musu ƙarara cewa jinin maƙwabci da dukiyarsa haramun ne. Gwamnati kuma ta kira jakadan ƙasar tun ranar farko, ta sanar a rediyo da Hausa kowa ya ji, kada ta jira sai an sauko daga Juma'a sannan ta turo 'yan sandan kwantar da tarzoma.

 

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.